A Zuba Ruwa Kafin a Sa Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoma, Alhaji Ummaru. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da Fasto, iyayenmu na addini. Malamin gona da ya taso tun daga Funtuwa. 'Yan kwamitin gine-gine da ke teburin gaba. Iyayena mata da 'yan'uwana mata da aka jera a baya kamar yadda aka saba. Baƙinmu na Tsiga da na Mahuta. Da duk wanda ya bar aikin gonarsa ya zo, ina yi muku barka da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hansai, matar Malam Awaisu, ni ke riƙe da ɓangaren mata na ƙungiyar nan. Na gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake na lura sau biyu yana duba agogo tun kafin in miƙe. Na gode wa maigidana, domin abin da zan faɗa ya shafe shi, kuma da izininsa na tsaya.

An shaida mana cewa ƙungiya za ta gyara wa gidaje goma ɗakin girki da sito kafin a shigo da amfanin bana. Madalla da wannan niyya. An kuma shaida mana cewa kwamiti ya samo ɗan kwangila, yau za a sa hannu, har an zagaya da hotunan aikinsa ana ta cewa Masha Allah. Ni ma hotunan sun biyo ta hannuna. Na kalli na farko, na kalli na biyu, da na zo kan na uku sai na tsaya. Koren tayil ne, da taga mai shuɗin ƙarfe, da wata ƙusa a gefen ƙofa. Jama'a, a kan wannan ƙusar nake rataye muciyata. Kicin ɗina ne. Sunan kamfanin da ke jikin takarda sabo ne, hular kuma sabuwa ce, amma mutumin da ke zaune a layin gaba Malam Jibo ne, wanda ya yi mana aiki bara. Sannu da zuwa, Malam Jibo.

Saboda haka zan gaya muku abin da hoto ba ya nunawa, kuma zan bi shi daki-daki.

Na farko, yadda aka yi aikin. Bara bayan kaka, maigida ya ce lokaci ya yi da zan huta da hayaƙin icce, a gyara kicin, a sa gas, a sa wurin wanke-wanke. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma kun san al'adarmu: idan maza baƙi suka shigo cikin gida aiki, mata kan ja gefe. Aka kafa zana tsakaninmu da su, muka kwashe tukwanenmu muka koma girki gidan maƙwabciyata Liatu har mako uku. Wanda aka bar wa duba aiki shi ne Malam Awaisu, mutumin da, Allah ya ba shi haƙuri, shekara ashirin da shida muna tare bai taɓa sanin inda ake ajiye gishiri ba. Ya leƙa da safe, ya ga tayil yana sheƙi, ya ce aiki yana kyau.

Ni kuwa ta ƙofar zana nake hange, kuma abin da nake hangowa bai kwanta mini ba. Na ga ana shigo da siminti da hantsi, na ga ana fita da baro a rufe da buhu da la'asar. Na ga an wuni ana kwaɓa yashi, ban ji ƙarar yanka rodi ko sau ɗaya ba. Na ga ranar da za a shimfiɗa tayil an turo ƙofa an rufe. Da na aika a ce ina so in leƙa, sai aka dawo mini da amsa: "A ce wa Hajiya ta bari sai an gama, daɓe bai bushe ba." Da na yi wa maigida magana, ya ce, "Haba Hansai, Jibo fa ɗan gida ne, sahu ɗaya muke sallah." Na yi shiru, kuma shirun nan nawa shi ne laifina a cikin maganar.

Na biyu, tuwo. Malam Jibo ya gina mini kanta mai tsawo har ƙirjina, irin wadda ake gani a waya, ya ɗora gas a kanta. Iyayena mata, ku gaya wa teburin gaba: ana tuƙa tuwon mutum goma sha huɗu a tsaye, tukunya tana sama da cibiya? Tuwo zama ake yi masa, a danne tukunya, a sa ƙarfi. Sai da na taka kujera 'yar tsugunno na hau kamar mai shirin tsinko mangwaro. A mako na biyu ina cikin tuƙi na ji kantar ta amsa ta tsage, tukunya ta karkata, talge ya zubo mini a ƙafa. Tabon yana nan, wadda take so ta gani ta same ni bayan taro. Da na sa yatsa cikin tsagar, abin da aka kira kankare ya ruguje a hannuna kamar busasshen ƙanzo, babu ko guntun rodi a ciki.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni zama a kujerata yau, ruwa. Siton da muke ajiye masara bango ɗaya ne da kicin. Duk wadda ta taɓa share kicin ta san daɓe waje yake gangarawa, wajen rariya. Namu daɓen kuwa sito ya nufa. Bututun wanke-wanke kuma ya shiga bango da kyau, gwanin sha'awa, amma bai fita ko'ina ba, a ƙarƙashin daɓe ya ƙare. Wata huɗu ina wanke kwanuka, wata huɗu ruwan yana bi ta ƙasa yana kwanciya a gindin buhunanmu, mu kuma muna ɗiba daga na sama muna hamdala. Wari ne ya tona maganar. Da muka ɗaga, layin ƙasa gaba ɗaya ya yi baƙi da funfuna, har da buhun irin da muka ware don shukar bana. Ranar na ga Malam Awaisu ya zauna a bakin sito yana kallon buhunan, ni kuma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Aka kira Malam Jibo. Da farko ya ce, "Hajiya, ruwa ne kuke zubarwa da yawa." Na ce, "To Malam, a kicin da me ake wanke-wanke?" Kwana biyu ya dawo da dattawa uku, aka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, aka shafa fatiha, aka tashi. Mun yi haƙuri, kuma har yanzu muna kan haƙurinmu, ban zo neman ko ƙwayar masara a wurinsa ba. Amma na yafe abin da aka yi mini ne, ban yi alkawarin zura ido a yi wa wata ba.

Mai girma shugaba, akwai tambayoyin da suka tsaya mini a rai. Me ya sa takardar mutum ɗaya kawai aka kawo mana, alhali magina sun cika Funtuwa da Malumfashi? Me ya sa sunan kamfani ya canja cikin shekara ɗaya? Me ya sa ake cewa lallai yau, lallai kafin la'asar? Me ya sa kwamitin da zai duba ɗakin girki mutum bakwai ne, babu mace ko ɗaya? Ban ce an yi wani abu a ɓoye ba, ban ce wani ya ci wani abu ba. Tambaya nake yi, kuma na lura tun da na fara wasu suke ta gyara zama.

Ku duba sunan farko a jerin gidaje goman nan. Liatu ce. Mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu take ci da su daga gona ɗaya, kuma sitonta ma bango ɗaya ne da kicin. Ita ce ta ba mu murhunta mako uku. Ita ce, da masararmu ta ruɓe, ta aiko mana da tata ba tare da mun roƙa ba, kuma irin da ke tsaye a gonarmu yanzu daga buhunta ya fito. Mu da namu ya lalace mun sami Liatu. Idan nata ya lalace, wa za ta samu?

Don haka ina roƙon abu uku. A dakata da sa hannu yau. Duk wanda aka ba aikin, ko Malam Jibo ko waninsa, kullum bayan azahar ma'aikata su fita zaure su sha iska, matar gida ta shiga ta duba, kunya ba ta zube ba, al'ada ba ta karye ba. Sannan kada a karɓi aiki sai matar gida ta yi abu biyu a gaban kwamiti: ta tuƙa tuwo a inda aka ce ta tuƙa, ta kuma kwara bokitin ruwa a tsakiyar daɓe, kowa ya tsaya ya ga inda ya nufa.

Idan Malam Jibo yana ganin na yi masa ƙazafi, abin da sauƙi. Gidana bai fi tafiyar minti biyar daga nan ba, ba mu taɓa daɓen ba, maigida ya yarda a shiga. Na zo da bokitina, yana nan bakin ƙofar zauren nan cike da ruwa. Mu je da kwamiti, mu je da hoto na uku, shi da kansa ya zuba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Allah ya ba masu sana'a tsoronsa a inda ido ba ya kaiwa. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya tsare mana abin da muka noma, a gona da cikin sito. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya bar mu da zumunci.

Na gode.