Waƙar Babana Ba Hajar Kowa Ba Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Lawali ne, ɗan Argungu mazaunin Badariya.

Babana masunci ne. In zai shiga ruwa da homa, wato komar kamun kifi, da gora, akwai waƙar da yake rerawa, wadda ya gada wajen kakanmu. Na ɗauke shi a waya na ɗora a intanet. Ba a jima ba aka sauke bidiyon, wai wani kamfanin waje ya ce sautin nasa ne. Ashe muryar Baba suka kwasa, suka sa mata kiɗa, suka yi rajista.

Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Mi kac ce? Mai kamfanin ga ya taɓa riƙa homa?" Washegari ya tara abokan sana'arsa a bakin gulbi suka rera ta cikakkiya, har da baitocin da ke ambaton kakanninmu, waɗanda kamfanin bai taɓa ji ba. Muka ɗauka muka tura wa masu shafin a matsayin hujja, aka dawo mana da bidiyonmu. Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauta!

Amma Malam, na ji wasu yarjejeniyoyin kasuwanci tsakanin ƙasashe kan sa a sauke abu da zarar kamfani ya yi ƙorafi, ba a ji ta bakin mai shi ba. Ina talaka zai kai kukansa kafin a sa hannu?

Ina gaida masuntan Argungu. Baba ya ce mai son waƙar ya zo ya shiga ruwa tukuna.