Minti Ashirin Na Saje Tabarma

Assalamu alaikum. Mai girma kwamandan runduna, manyan hafsoshi, malamanmu, Inna mahaifiyar marigayi, mai ɗakinsa, 'yarsa, da sauran dangi: sannunmu da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ni ne kofur ɗin da ya yi shekara shida a ƙarƙashinsa. 'Yan sansaninmu suka ce in yi magana a madadinsu. Da son raina ne, da can baya na zauna na ja bakina.

Mu dai Saje Tabarma muka sani. Sunan ya samo asali ne daga solar nan da yake goyawa a baya, wadda ake naɗewa kamar tabarma. Duk inda muka yada zango, kafin ya kwance takalmi sai ya shimfiɗa ta a rana. Kafin zuwanta batura muke jido har kafaɗa ta sage, in suka mutu oba-oba ta yi tsit, mu zama kurame a tsakiyar daji.

Ya kasance mai hankici ɗaya tak, shi ma na goge sola ne, gumin fuska kuwa sai hannun riga. Ya kasance mafaɗaci a kan abu guda: inuwarka ta faɗa kan tabarmar nan, sai ka ji, "Kai, matsa! Ƙaton kanka ya cinye min rabin caji!" Ya kasance mai tsari: oba-oba farko, sai ƙaramin firjin magani, sannan wayoyinmu, kowa minti ashirin bisa layi, ko da kai hafsa ne.

'Yata, 'yar Saje, ranar da muka kawo kayansa kin tare ni a bakin ƙofa kika ce, "Baba Kofur, kwana sha tara bai kira mu ba. Fushi yake da mu?" Na sunkuyar da kai na wuce. Yau zan ba ki amsa a gaban jama'a.

A fitarmu ta ƙarshe harsashi ya tsaga rabin tabarmar. Abin da ya rage wa wayoyi soket ɗaya ne, mu kuwa mu arba'in da biyu. Ya rubuta layi a murfin kwali, ya sa kansa a ƙarshe. Sau biyu layi yana zuwa kansa yana bayarwa: sau ɗaya ga direbanmu da matarsa ke naƙuda, sau ɗaya ga ma'aikacin jinyarmu da aka yi wa rasuwa.

A kwana na sha tara da hantsi, layi ya sake zuwa kansa. Har ya jona wayarsa, yana ta murmushi yana cewa, "Yau sai na sha faɗan uwar 'yata." Sai na zo na tsaya a kansa na ce, "Saje, tsohuwata ba lafiya." Jama'a, zazzaɓi ne na kwana biyu, kuma na san ta riga ta miƙe. Hira kawai nake marmari. Bai ko tambaye ni ba, ya zare tasa ya ce, "Uwa ta fi. Wayata sai gobe."

Da la'asar aka buɗe mana wuta. Rana ta juya, inuwa ta rufe tabarmar, oba-oba ta fara shaƙewa muna tsakiyar neman ɗauki. Ya ja ciki ya fita fili, ya janyo tabarmar inda rana take. Kiran ya shiga. Mu arba'in da ɗaya muka dawo da ƙafafunmu.

Inna, kin haifi namiji. Yaya, mijinki bai manta da ku ba ko na yini ɗaya. 'Yata, ba fushi ba ne. Minti ashirin ɗin nan naku ne, ni na ƙwace muku da ƙarya, kuma ba ni da inda zan samo in mayar. Wallahi tun ranar ban sake jona waya a caji ban tuna da shi ba. Ku yafe mini, in za ku iya.

Mun gode wa kowa da ya taso. Allah ya jiƙan Saje, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa juriya. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu. Amin.