Likitan Ƙwari da Lungun da Ya Rage

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban hukumar tafki, mai girma darakta, malam liman, dattawa, Hajiya matar marigayi da 'ya'yanta, 'yan'uwana masunta, ina gaishe ku, kowa da matsayinsa.

An ce in yi magana a madadin ƙungiyar masunta da nake shugabanta, in taƙaita, in kuma sassauta. Zan taƙaita. Sassaucin ne ban yi alkawari ba.

Mutumin da muka taru dominsa ma'aikacin hukumar tafki ne. Mu muka laƙaba masa Likitan Ƙwari, kuma ba don yabo ba. Ya kasance kullum da hantsi yana cikin ruwa iya gwiwa, da rariya da kwalabe, yana tace taɓo. Ya kasance yana duba ƙananan jatan lande da 'ya'yan ƙaguwa da tsutsar mazari ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa mu wuce a kwale-kwale muna ce masa, "Likita, yau marasa lafiya nawa?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Shekara uku da suka wuce muka kai kuka hukuma. Muka ce ƙwarin nan suna cushe mana komar kamun kifi, har muka ƙara da cewa suna cinye ƙwan kifi. Wa ya gani da idonsa? Babu! Muka nemi a yi feshi a bakin tafki. Likita ya same mu inda muke sauke kifi, ya zaro tarwaɗa daga kwandona, ya tsage cikinta a kan benci. Ga ƙwarin nan fal. Ya ce, "Shugaba, dubi abincinta. In kun kashe wannan, me kifi zai ci?" Na ce masa ya ɓata mini tarwaɗa a banza. Jama'a suka kwashe da dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Sau huɗu yana rubuta takardar gargaɗi. Mai girma darakta, ka san aljihun teburin da takardun suke kwance. Ladan da ya samu shi ne aka cire shi daga ruwa, aka kai shi ɗakin ajiya yana gadin karyayyun kujeru. Aka yi feshi.

Cikin wata shida karfasa ta rame, sai kai da ƙaya. Zalɓe ya tashi, agwagin ruwa suka bi shi, kwaɗi suka yi tsit. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma mun ji. Duk da haka bai taɓa ce wa ɗayanmu "ban faɗa muku ba?"

Lungu ɗaya na tafkin ya kuɓutar, wanda ke bayan dutse. Ranar feshin ya bar kujerunsa ya shiga ruwan ya tsaya, har masu feshi suka gaji suka tafi. Ɗan kifin da muke kai wa iyalanmu yau, a can yake kiwo. Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, bai tambaye ni komai ba sai lungun nan.

To, jiya na ga takarda manne a ƙofar hukuma. Ranar Litinin za a fesa lungun. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba! Hannun da ya sa hannu a takardar nan shi ne ɗazu ya riƙe lasifika yana cewa an yi rashin gwarzo. Wallahi raina ya ɓaci. Wannan cin fuska ne, a gaban matarsa da 'ya'yansa.

Hajiya, ki yafe mana. Mun yi wa mijinki dariya yana neman mana abinci. Yara, ubanku ya fi mu hankali, ku riƙe wannan. Rariyarsa da kika damƙa mini da safe, ga ta. Ranar Litinin da hantsi za ta koma ruwa, da mu masunta sittin a bayanta, iya gwiwa. Mai feshi sai ya fara ta kanmu.

Na gode da kuka saurare ni, har waɗanda ba su so ba. Allah ya jiƙan Likita, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Allah ya ba mu kunnen da muka hana shi yana raye. Amin.