Amsar da Joris Ya Ba 'Yarsa

Jawabin Gunhild Lindmark a taron tunawa da marigayi Joris Bakema, a zauren cocin ƙauye. Maƙwabciyarta Solveig ce ta rubuta daga bakinta.

Fasto Ulrika, ina gaisuwa. Shugaban ƙaramar hukumarmu, sannu da zuwa, na san hanyar ba ta da daɗi yau. Babbar likita da ma'aikatan asibiti da kuka yi aiki da shi, sannunku. Sai ke, Marleen, 'yarsa tilo, da kika taso tun daga Holan. Sai ku sauran, 'yan ƙauyenmu, da na san ku kun san ni.

Ni ban yi makaranta ba. Shekara biyu na yi aka cire ni, saboda shanu ba su da mai duba su. Ba takarda a hannuna, kuma ko da akwai ba za ta amfane ni ba. In na tsaya a tsakiyar magana ku yi haƙuri, iska nake ɗiba. Shi ya koya mini kada in ji kunyar haka.

Da Fasto ta ce ni zan yi magana, na ƙi. Abin da ya sa na yarda, abin da ya faru ranar Talata ne. Marleen ta zo gidana, ta zauna a kicin ba ta ko cire rigar sanyinta ba, ta ce mini da ɗan yarenmu da ya rage a bakinta: "Na makara. Na tambaye shi ko ya san ni ce, bai amsa ba. Ya tafi bai gane ni ba." Ni kuwa kofi kawai na zuba mata, har motarta ta zo ta tafi. Kun san halinmu a nan, magana sai ta kwana uku a ƙirji kafin ta fito. To Marleen, maganar ta kwana. Amma sai na fara tun daga farko, in ba haka ba ba za ki yarda da ni ba.

Babanki ya zo mana shekara arba'in da biyar da suka wuce, dogo, siriri, da takalmin da bai dace da ƙanƙara ba. Aka ce mana mai koyar da magana ne. Muka ce to, ya zo inda ba a yin ta. Ɗan Holan muke ce masa, har ya tsufa.

Ya kasance mutum mai sauraro, har abin ya jawo masa dariya. Ranarsa ta biyu ya shiga kantin marigayiya Majken, ya tambaye ta ko akwai madara. Majken ta amsa masa yadda kowa ke amsawa a nan. Ke ba ki sani ba, 'yata, kina ƙarama aka tafi da ke. Mu ba ma cewa "e". Leɓe muke tarawa kamar za mu kurɓi miya mai zafi, mu ja iska ciki, shuup, shi ke nan an amsa. To babanki ya ga mace mai jiki ta ja iska haka, sai ya zagaya bayan kanta da gudu, ya riƙe ta, yana cewa ta zauna, ta zauna.

Majken ta ce, "Kai, sake ni! Madara kake so ko mata?"

Kafin ƙarshen mako ya je ya sami nas ɗin gunduma da littafinsa, ya ce ya ƙirga mutum goma sha tara masu ciwon numfashi a ƙauye ɗaya, har da fasto na lokacin.

Daga baya ya zo gidanmu saboda mijina Evert. Evert shekara ashirin da shida ya yi a ramin haƙar ma'adinai, ƙura ta ƙandare masa huhu. Kalma biyu yake yi, sai ya tsaya yana haki. Da ma ba mai surutu ba ne, sai ya daina gaba ɗaya, ya koma buga cokali a tebur in yana son abu. Joris ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce duk inda ya yi karatu an koya masa magana a kan iska mai fita take hawa, sai a nan ya ga masu magana da mai shiga.

Evert ya dube shi, ya ce, "Sanyi ne." Ya huta. "Ba ma zubar." Ya huta. "Da ɗumi."

Joris ya yi dariya har da hawaye. Ina jin a ranar ya yanke shawarar zama.

Ya kasance malami wanda ba ya raina wanda bai yi karatu ba. Ya kama hannuna ya ɗora a cikin Evert, ƙasa da haƙarƙari. Ya ce, "Gunhild, a nan akwai wani nama shimfiɗe kamar kwano a kife. In ya sauka ƙasa, huhu ya buɗe, iska ta shigo, ciki ya turo hannunki. Huhu ba ya jan iska da kansa, jan sa ake yi, kamar zugazugin maƙeri." Ya ce in mutum yana zaune shiru, shigar iska da fitarta kusan tsawo ɗaya ne. Amma in zai yi magana, da sauri yake ɗiba, sannan ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, haƙarƙari suna riƙe da ita kamar mai sauko da keken itace daga tudu. A maƙogwaro kuma akwai wasu 'yan leɓɓa biyu da iskar ke kaɗawa, su ne murya. Ya ce Evert yana zubar da iskarsa duka a kalmar farko, kuma da kafaɗa yake ja, shi ya sa yake gajiya.

Sai ya kunna kyandir ya ajiye a gaban Evert. Ya ce ya hura a hankali, harshen wutar ya kwanta amma kada ya mutu. Evert ya hura, ta mutu. Ya sake, ta mutu. Kwalin ashana nawa muka ƙarar a hunturun nan, Allah ya sani. Evert ya ce, "Wasan yara." Joris ya ce, "To ai yaran sun fi ka iyawa, dattijo, sake."

Wata huɗu ana wannan. Wata safiya ina wankin kwano, na ji daga bayana, tiryan-tiryan ba tsayawa: "Gunhild, kofin nan naki ya yi ruwa, kuma shekara ashirin ke nan yana yin ruwa." Na ajiye kwanon na fashe da kuka. Har yau ba a taɓa zagina na ji daɗi kamar ranar ba.

Ba Evert kaɗai ba. Ku duba junanku a zauren nan. Akwai wanda in'ina ta hana shi neman aure, yau ga jikokinsa. Akwai wadda shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace mata kalmomi, ya yi ta tuƙa mota kilomita sittin zuwa gidanta duk mako har suka dawo. Ba zan kama suna ba, mun san kanmu.

Ya kasance kuma mutum mai kaɗaici. Wannan ba zan ɓoye ba. Mahaifiyarki ta yi hunturu shida a nan, duhun ya fi ƙarfinta, ta ɗauke ki ta koma. Ba wanda ya ga laifinta, mu ma da muna da inda za mu koma, wa ya sani. Shi ya tsaya. Ko daidai ya yi ko kuskure, ba ni zan faɗa ba, kuma na san akwai shekaru masu yawa da ba ku ga juna ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Mutumin da ya buɗe bakin rabin gundumar nan, in ya koma gida ba mai ce masa sannu da zuwa.

Shekara takwas yana koyon shuup ɗinmu bai iya ba. Nasa kamar na mai shaƙuwa yake fita. 'Yan gidan mai su ce, "Ɗan Holan, a cika tanki?" don kawai su ji ya gwada. An sha ganinsa a cikin mota shi kaɗai yana ta yi. Ranar da ya iya, ba wanda ya yaba masa, don ba wanda ya lura. Daga nan kuwa ban sake jin "e" a bakinsa ba, ko a waya.

Ranar da Evert zai rasu, da la'asar ne, Joris yana zaune tare da ni. Numfashin Evert ya sauya, baki a buɗe, wuya yana ja, kafaɗa tana ɗagawa, sai dogon shiru, sai wani kuma. Na tsorata, na ce yana son ya gaya mini wani abu. Joris ya ce, "A'a, Gunhild. Wannan ba shi ba ne, jiki ne kawai yake ƙarasa aikinsa. Dubi bakin, a sake yake. Kuma ba ruwansa da abin da kike faɗa, lokacinsa yake bi." Na ji zafin maganar, amma gaskiya ce, kuma bai taɓa yi mini ƙarya don in ji sanyi ba.

Bayan jana'iza na yi mako bakwai ban yi magana da kowa ba. Ba fushi nake ba, ba mai ji ne kawai. Da Joris ya zo duba ni na buɗe baki, sai wani abu ya fito kamar ƙarar tsohuwar ƙofa. Ya ce, "Murya ma nama ce, in aka bar ta sai ta sanƙare. Ran Alhamis zan dawo." Ya dawo. Shekara talatin da biyu yana dawowa. Ƙauye ya yi ta gulma, ni kuwa na girmi Joris da shekara goma sha biyu, kunya ba ta ishe ku ba. Ba abin da muke yi sai shan kofi, ni ina zuba, shi yana shuup. Shi ma ya ce kofin ya yi ruwa.

To, Marleen, yanzu ki saurare ni.

Da jini ya fashe masa a kai, kalmominsa duka suka tafi, na yarenmu da na yarenku. Ni nake zama da shi a asibiti, don ba wani. Ranar da kika iso, da rana ne, ina gefen hagu, hannuna a cikinsa inda ya koya mini. Kika shigo da jakarki, kika sunkuya a kunnensa, kika yi magana da yarenku. Ban san me kika ce ba. Sai ranar Talata na sani.

Amma na san abin da na gani. Kafin ki yi magana numfashinsa yana tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kina rufe baki, bai jira lokacin numfashi na gaba ba. Ya tara leɓensa. Gefe ɗaya ne kawai yake motsi, amma ya tara shi. Ya ja gajere, cikinsa ya ɗan turo tafin hannuna, shuup. Kafaɗarsa ba ta motsa ba. Sannan ya koma numfashinsa na da. Ke kika ɗauka wahala ce, kika fita kiran nas. Ni kuwa na ɗauka kin ji amsarki, shi ya sa ban ce komai ba.

Wancan ɗayan numfashin, irin na Evert mai baki a sake, sai washegari ya zo. Na ga biyun, 'yata, a jikin mutum biyu. Ba ɗaya ba ne.

Ba zan ce miki ya nemi gafara ba, ko ya yi nadama, ban sani ba. Tambaya ɗaya kika yi masa, amsa ɗaya ya ba ki. Kin ce, "Baba, ka san ni ce?"

Kada ki ɗauki maganar tsohuwa ita kaɗai. Jama'a, ku da kuka san shi shekara arba'in, ku da ke gidan mai, ke Solveig, ku ma'aikatan asibiti. Abin da na kwatanta, amsa ce?

Kin ji su? Zaure guda ya ja iska lokaci ɗaya. To abin da ya ce miki ke nan.

Ki yi kukanki, ba komai. Wani ya miƙa mata ruwa.

Na gode wa Fasto da ta matsa mini. Na gode wa ma'aikatan asibiti da suka bar ni ina zama bayan lokacin ziyara. Na gode muku duka da kuka zo cikin wannan sanyi. Gobe kowa zai koma gidansa, ni ma zan koma nawa, in ga da wa zan yi magana.

Ya Ubangiji, kai ka hura masa numfashi tun farko, bai ɓarnatar da shi ba, ya raba mana. Ka karɓi abinka. Ka ba shi hutu. Ka kai 'yarsa gida lafiya da abin da ta ji yau. Mu kuma da muka rage a gidaje masu shiru, kada ka bar mu mu kaɗai fiye da yadda za mu iya. Amin.