Akuyar Da Ta Fi Ni Jin Karatu

Shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu, malamanmu masu daraja, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama, ko da yake ban saba tsayuwa gaban jama'a ba. Idan muryata ta yi ƙasa, a yi mini uzuri. An ce in yi bayani a kan faffaɗan waken nan da malamin noma ya raba mana irinsa, yadda na shuka shi da yadda na dafa shi.

Bayan ɗakin girkinmu akwai ɗan fili, tsawonsa taku huɗu. Baba ya riga ya sayo siminti zai shafe shi don ajiye babur. Da na roƙe shi, sai ya ce, "Na ba ki shuka ɗaya. In ban ga wake a kwano ba, siminti zai ci filin."

Abu na farko shi ne lokaci. Wannan wake ba ya son zafi, sanyi yake so. Da sanyi ya shigo na jiƙa irin kwana ɗaya, na shuka shi layi biyu, zurfin yatsa, tazarar tafin hannu.

Abu na biyu shi ne tsinke kai. Malam ya ce da zarar ƙananan kwanso sun fara fitowa a ƙasan shukar, a tsinke kanta, domin can ne baƙaƙen ƙwari suke taruwa. Ni kuwa na kasa. Abin da na raina da hannuna, in fille masa kai? Sai wata rana akuyar maƙwabta ta shigo, ta bi layi ɗaya ta cinye kawunan. Na yi kuka har idona ya kumbura. Bayan mako biyu, layin da na tausaya wa ya yi baƙi ƙirin da ƙwari, layin da akuya ta ci kuwa ya cika da kwanso. Kaka ta duba, ta ce, "Ke kike zuwa makarantar, amma akuya ce ta ji karatun." Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Abu na uku shi ne girki. Wannan wake riga biyu gare shi, ni kuwa ɗaya na cire. Yaya ya tauna, ya tauna, ya ce, "Ƙanwata, wake ne wannan ko fatar takalmi?" Ga yadda ake yi: a ɓare kwanson, a tafasa ƙwayar kaɗan, a zuba ta cikin ruwan sanyi, a matsa da yatsu har koriyar cikin ta fito, sannan a soya da albasa da gishiri. Malam kuma ya gargaɗe mu cewa akwai masu wata larurar jini da waken yake cutarwa, don haka mai shakka ya tambayi likita.

Karo na biyu da na dafa, Baba ya ci, ya ƙara. Washegari ya kira magini, aka farke buhun simintin. Na ɗauka filin za a shafe. Ashe 'yar katanga aka zagaye filin da ita. Baba ya ce, "Na toshe wa malamarki hanya. Shuka mai zuwa, ke za ki tsinke da hannunki."

Allah ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya sa albarka cikin abin da muka shuka, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.