Gun Baba

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a Bronx, Malam Hambali. Shugabar mata, Mama Hadassa. Liman da Fasto, da kuke zaune a benci ɗaya kamar kullum. Alhaji Souley da 'yan kasuwar titi na 116 da suka rufe shaguna suka taso daga Harlem. 'Yan'uwanmu na Zangon Ghana. Iyayena, ƙannena da 'ya'yana: salama a gare ku duka.

Sunana Yosiya Mang, direban bas ne ni. Ina gode wa shugaba da ya ba ni minti goma, ko da yake na san akwai waɗanda suka so a bar maganar nan a bakin ƙofa. Ina gode wa matan da suka yi ta kai wa matata Keziya abinci, ita da ba ta iya haɗiyar komai.

Ga wanda bai ji ba: ɗana Amana, mai shekara ashirin da ɗaya, yau kwanansa goma sha tara a tsare. An yi fashi da bindiga a wani kantin takalma da rana tsaka, aka ba 'yan sanda kamannin ɓarawon: baƙi, dogo, wando burgujeje, hula a karkace. Ku waiwaya bayan zauren nan, ku nuna mini saurayi ɗaya da wannan kamanni bai kama ba. Suka tare Amana a tashar jirgin ƙasa. Da suka yi masa magana ya sunkuyar da kai, yadda muka koya masa ya yi a gaban manya, su kuwa suka rubuta cewa ya ƙi haɗa ido da su. Ba su sami makami a jikinsa ba, ba su sami takalmi ko ɗaya ba. Abin da suka samu littafin rubutu ne. Abu uku zan faɗa a kansa, in zauna.

Na farko, littafin. A ciki Amana yake rubuta waƙoƙinsa na rap, wannan kiɗa na hip-hop da muke toshe kunne in mun ji. Da Turanci yake rubutawa, amma yakan jefa 'yar Hausar da ta rage masa. Lauyarsa ta kira ni ofishinta, ta ajiye mini kwafi, ta ce: “Mista Mang, lauyan gwamnati ya ja jan layi a ƙarƙashin kalma ɗaya har sau goma sha huɗu. Ya ce ɗanka ba ya tunanin komai sai bindiga.” Na sa tabarau na duba. Harafi uku ne, jama'a: g, u, n. A Turanci bindiga ce. Mu kuwa a bakinmu, ko yaron goye ya san me ake nufi in an ce je ka gun Mama, karɓo gun Baba. Na yi dariya a ofishin nan, wallahi na yi, sai na ga ita ba ta dariya. Ta ce mini mai kantin bai tabbatar da fuskar ba, don haka littafin ne kaɗai hujjarsu, kuma shekarun da suke nema masa sun fi waɗanda ya yi a makaranta.

Na biyu, mu kanmu. Lauyar ta ce shaidata ba za ta yi nauyi ba, domin uba ne ni. Ana son dattijo mai jin Hausa, wanda ba dangi ba, ya tsaya gaban alƙali ya faɗi ma'anar kalmar. Mutum uku na nema. Na farko ya ce: “Yosiya, ka yi haƙuri, takarduna na zaman ƙasar nan ba su fito ba tukuna.” Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan gani ba. Na biyu ya ce aiki. Na uku, wanda muka ci tuwo a kwano ɗaya, ya dube ni ya ce: “Yaron da ya riga ya zama akata, me Hausa za ta yi masa?”

Akata. Sunan da muke kiran baƙaƙen ƙasar nan da shi in mun rufe ƙofa. Muna cewa mu ba irinsu ba ne, mu masu tarbiyya ne, mu da aiki muka zo. Muna ganin saurayinsu da hula a karkace, mu matse jaka. To, ina tambayarku: ɗan sandan da ya tare Amana ya tambaye shi ko daga Jos iyayensa suka zo? Ya tambaye shi ko yana zuwa sujada? Fata ya gani, wando ya gani, ya gama hukunci. Idon da ya dubi ɗana da shi, da shi muke duban 'ya'yan maƙwabtanmu.

Kada ku ce ina nuna ku da yatsa, ni ne kan gaba. Wata takwas da suka wuce na tattara kaset-kaset ɗinsa na zuba a shara, na ce ba za a yi mini haushin karnuka a gida ba. Na ce ya zaɓa, ko kiɗan ko gidana. Ya ɗauki jakarsa ya koma gun abokinsa a unguwar Flatbush. Ban taɓa buɗe littafin nan ba. Ban taɓa tambayarsa me yake faɗa ba.

Yanzu na karanta, kuma zan karanta muku layi biyu. Na farkon da Turanci yake, na juya muku. Na biyun haka ya rubuta shi da hannunsa:

“Titi ya san wandona, bai san sunana ba.
In na gaji, zan koma gun Baba.”

Sau goma sha huɗu, jama'a. Sau goma sha huɗu yarona ya rubuta cewa yana son dawowa gida, kuma wanda ya fara karantawa da natsuwa, har da jan biro, shi ne mai neman ɗaure shi. Wannan kunya tawa ce, da ita zan kwana da ita zan tashi.

Na uku, roƙona. Ranar Alhamis da ƙarfe tara da rabi za a shiga kotu. Ban ce ku so rap ba, ni ma har yau yana sa ni ciwon kai. Mutum ɗaya nake nema, mai takardu a hannu, ya ba da rabin yini ya fassara harafi uku. Sauran kuma ku cika bencin da ke bayan Amana, da babbar riga da ɗankwali, domin alƙali ya ga yaron nan yana da inda ya fito. In na zauna, shugaba zai tambaya ko akwai mai tsaya mana. Ba zan waiwaya in ga wanda bai ɗaga hannu ba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a titunan garin nan, namu da na maƙwabtanmu. Allah ya ba alƙali kunnen sauraro. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Shi kuma Amana, Allah ya fito da shi ya iske ƙofar da ubansa ya rufe a buɗe.

Na gode.