Hotunan Kangaye a Barandar Coci

Ruwan sama ne ya koro Tankari, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, zuwa barandar wata tsohuwar coci kusa da kasuwar tufafi ta Shisanhang, can ƙasar waje. An jera hotunan kangaye a jikin bango, wata dattijuwa Bakanuwa na tsaye gaban ɗaya.

"Hajiya, ina amfanin wannan?" ya ce. "Mutum ya rasa abin ɗauka sai gidan da ya rushe."

"Dubi ƙusar can, Alhaji. Wani ya taɓa rataye rigarsa a jikinta."

"Yanzu kuwa sai tsatsa."

"Ni da wani ya ɗaukar mini namu gidan ko a haka ne, da na gode masa. Titi ya bi ta kansa. Bara na kai jikata, na kasa nuna mata inda ɗakin mahaifiyata yake."

Tankari ya matsa kusa da hoton.

"Namu yana nan tsaye," ya ce. "Tun rasuwar tsohuwa na sa masa kwaɗo. Ko na je Maraɗi, gidan aboki nake sauka."

"To ka buɗe shi mana, ko shara ce a yi."

"Tsoro nake ji, Hajiya. Kar in shiga in tarar babu ƙamshinta."

"Ba za ka tarar ba," ta ce a hankali. "Amma kai kana da ƙofar da za ka tura. Ni ko ita ban da ita."